Salmonela a garken shanu: ta ina take shiga, kuma yaya ake tare ta?

Tambaya: Likita, ina da garken shanun tatsa. Wata uku da suka wuce na sayo karsana huɗu masu ciki na haɗa su da nawa. Tun daga nan maruƙa biyar sun mutu, wasu da zawo mai wari da jini, wasu kuma tari da haki kawai suka yi, ko zawon babu. Shanu biyu kuma sun yi ɓari. Wani ya ce mini Salmonela ce, wai kuma tana ƙaruwa ko'ina yanzu. Gaskiya ne? Wace allura zan yi wa garken gaba ɗaya in huta?

Amsa: Malam, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: babu allurar da za ka bi garke da ita yau ka wayi gari gobe ka huta da Salmonela. Da akwai ta, da ƙasashen da suka fi kowa kuɗi da likitocin dabbobi ba su shafe shekara ashirin suna fama da ita ba. Abin da ke akwai shi ne aiki na yau da gobe, mafi yawansa kuma da shebur da bokiti ake yin sa, a wurin haihuwa da wurin da maruƙa ke kwana.

Kafin nan, kada ka ɗauki maganar wanda ya ce maka Salmonela ce a matsayin hukunci. Alamun da ka lissafa sun yi kama da ita ƙwarai, musamman haɗuwar ukun nan wuri guda, wato zawon jini, ciwon huhu a maruƙa da ɓari a manya. Amma zawo a maraƙi yana da iyaye da yawa. A kwana huɗun farko na haihuwa galibi wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira E. coli. Daga mako ɗaya zuwa uku akwai ƙwayoyin bairas na rota da korona, da wata ƙwayar cutar hanji mai suna kiriftosporidiya. Bayan mako uku zawon jini kan zo daga koksidiya, ita ma wata ƙwayar cutar hanji ce. Ɓari kuma yana iya zama burusela, wadda ita ma take kama mutane. Ido ba ya raba waɗannan, ko idon wanda ya daɗe a aikin. Sai an kai samfur ɗakin gwaji.

Salmonela ƙwayar bakteriya ce da ke zama a hanji. An sa mata sunan Daniel Salmon, wani likitan dabbobi na Amurka, ko da yake mataimakinsa Theobald Smith ne ya fara ware ta daga jikin aladu a 1885. Tana da ire-ire fiye da 2,500, amma a harkar shanu biyu ne suka fi damun mu. Ta farko ita ce Typhimurium, wadda ba ta zaɓen gida: tana cikin kaji, aladu, ɓeraye, tsuntsaye da mutane. Takan faɗo wa garke kamar guguwa, ta yi ɓarna na wasu makonni ko watanni, sau da yawa kuma ta lafa idan an toshe inda ta shigo. Ta biyu ita ce Dublin, wadda ta mayar da saniya gidanta. Ita ba ta zuwa baƙunta. In ta shiga garke tana iya shekaru a ciki, ta yi shiru, ta sake tashi, kuma labarin da ka ba ni ita ya fi kawo mini a rai.

Maraƙin da ta kama, yawanci tsakanin mako biyu da wata uku da haihuwa, za ka same shi da safe a kwance ya ƙi tashi, kunnuwa sun sauka, hanci ya bushe. Ka miƙa masa nono ya tsotsa sau biyu ya saki. In ka sa ma'aunin zafi za ka ga digiri 40.5 ko 41, alhali lafiyayyen maraƙi ba ya wuce 39.5. In zawo ya zo, yakan zo da ruwa-ruwa, rawaya ko toka-toka, da majina da ɗigon jini, wani lokaci har da wasu tsumma-tsumma kamar fatar hanji ta saɓule. Warinsa kuwa, wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Wani abu da ke ruɗin masu kiwo shi ne zazzaɓin kan sauka da zarar zawo ya fara, sai a ɗauka sauƙi ne ya samu. Irin Dublin kuma sau da yawa ba ta tsayawa a hanji, jini take shiga. Shi ya sa maraƙi zai mutu da haki da tari a yi ta yi masa maganin ciwon huhu ba a kawo Salmonela a rai ba. In an buɗe gawar akan ga saifa ta kumbura, hanta ta canza launi, madaciya ta cika ta yi kauri, kaluluwar da ke jikin hanji sun yi ƙulu-ƙulu. Waɗanda suka tsira wasu kan zo da kumburin gwiwa bayan makonni, wasu kuma bakin kunne ko ƙarshen wutsiya ko ƙasan ƙafa ya bushe ya yi baƙi ya faɗi, saboda jini ya daina kai wa wurin. A manyan shanu kuwa, nono kan ɗauke farat ɗaya, ga zazzaɓi ga zawo, ko kuma saniya ta zubar da ciki na wata biyar zuwa takwas ba tare da ta nuna wata alama ba kafin nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Saniyar da ta kamu da Dublin ta warke, ba kowace ce ke rabuwa da ƙwayar ba. A jikin wasu takan laɓe cikin kaluluwa da hanta da madaciya. Saniyar tana ci tana sha, gashinta na sheƙi, kowa ya gan ta a kasuwa sai ya taya. Ranar da jikinta ya shiga wahala, kamar doguwar tafiya a mota, sauyin abinci, tsananin zafi, ko uwa uba naƙuda, sai ƙwayar ta farka ta fara fita ta kashi, wani lokaci ta nono da dakashi, da ruwan haihuwa da mabiyiya. Ka duba karsanan da ka sayo: an ɗora su a mota, an sauke su a baƙon wuri, an canza musu abinci, ga tsohon ciki. Duk abin da ke tayar da ƙwayar ya taru a kansu lokaci guda, kuma suka haihu a inda naka ke haihuwa. Duk da haka ba zan ɗora musu laifi kai tsaye ba. Na sha ganin akasin haka, inda cutar take kwance a garken mai saye, nasa shanun sun saba da ita, baƙin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba suka kwasa, suka yi ta zubar da ita da yawa har ta fi ƙarfin maruƙa. Gwaji ne zai raba gardama, shi ma ba a zama ɗaya ba.

Akwai wani abu game da tumbin saniya da nake so kowane mai kiwo ya sani, domin yana bayyana abubuwa da yawa. Tumbin saniyar da ke cin abinci a kan kari cike yake da tsami da ke fitowa daga narkewar ciyawa, kuma wannan tsamin yana hana Salmonela sakewa. Saniya mai ƙoshi tana iya haɗiye ƙwayar ta wuce ba abin da ya same ta. Amma in ta wuni ta kwana ba ta ci ba, tsamin ya ragu, ƙwayar sai ta samu fili ta hayayyafa, in aka zo aka cika mata ciki bayan yunwar sai abin ya ƙara ta'azzara. Saniyar da ta haihu jiya ba ta cin abinci sosai. Wadda aka yi kwana biyu ana tafiya da ita ma haka. Jaririn maraƙi kuwa tumbinsa bai ma fara aiki ba, garkuwar jikinsa kuma aro ce daga dakashin uwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗannan su ne tsagogin.

Batun ko tana ƙaruwa, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai kalmar "ko'ina" ta yi faɗi. A Amurka an daɗe ana ɗaukar Dublin a matsayin matsalar yammacin ƙasar, wajen Kalifoniya, amma ta bazu zuwa jihohin tsakiya da arewa maso gabas, bayan 2010 kuma ta bayyana a garkunan gabashin Kanada inda a da ba a san ta ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Garkuna sun ƙara girma, shanu da yawa a ƙaramin wuri, kashin wannan a bakin wancan. Saye da sayarwa ya yawaita, har akwai gonakin da aikinsu kawai tara jariran maruƙa daga wurare goma ko ashirin su raina, wanda kuwa babu hanyar da ta fi wannan saurin haɗa cutar wani da ta wani. Zafi yana raunana shanu ya kuma taimaki ƙwayar ta hayayyafa a abinci da ruwa, ambaliya tana kwaso ƙazantar wata gona ko ta masai ta zuba a makiyaya. Wani ɓangare na ƙaruwar kuma daga yawan gwaji ne, abin da a da ake binnewa a ce "zawo ne" yanzu yana samun suna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin magani da ƙwayar ke dainawa. A shekarun 1990 wani nau'in Typhimurium da ake kira DT104 ya bazu a shanun Birtaniya ya tsallaka ƙasashe da dama, kuma magunguna biyar ba sa taɓa shi: amfisilin, kuloramfenikol, sitireftomaisin, salfa da tetirasaikilin. Dublin ɗin da ake samu a Arewacin Amurka yanzu mafi yawanta ba ta jin magunguna da yawa. Wannan ne ya sa nake ƙin shawarar a bi garke duka da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta fitar da ƙwayar daga saniyar da ta ɓoye ta, tana kashe ƙwayoyin kirki na hanji masu gogayya da Salmonela, sannan tana tace maka masu taurin kai su zama su kaɗai suka rage. Ka biya kuɗi ka sayi cutar da ta fi wadda kake da ita. Maganin yana da wurinsa, a jikin maraƙin da ƙwayar ta shiga jininsa, mai zazzaɓi da ya kasa tashi, kuma likita ne zai zaɓa bisa abin da gwaji ya nuna ƙwayar tana ji, a kuma kiyaye kwanakin da aka hana sha ko sayar da nono da nama bayan magani.

A wannan makon ga abin da zan so ka yi. Kira likitan dabbobi ya ɗauki kashin marasa lafiya, waɗanda ba a riga an yi wa allura ba, daga dabba fiye da ɗaya. In wani maraƙi ya sake mutuwa kada a jefar, a buɗe shi da wuri a ɗauki hanta, saifa, huhu da madaciya, domin a nan aka fi samun Dublin. In an sake ɓari, ɗan tayin da mabiyiya su ne samfur mafi daraja, a ɗauke su da safar hannu, ragowar a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Ka roƙi a gano wane iri ne, kada a tsaya a "Salmonela ce", saboda yaƙin Dublin daban yake da na sauran. Ka ware marasa lafiya nesa, da bokitinsu da fidarsu da takalmin mai kula da su, kuma a riƙa zuwa wurinsu a ƙarshe bayan an gama da masu lafiya. Ka dakatar da sayar da dabba ko shigo da wata. Mafi yawan maruƙan da zawo ke kashewa ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe su, don haka ka ja fatar wuya ka saki, in ta tsaya ba ta koma ba, ido kuma ya faɗa, ruwa ya yi ƙasa sosai. A ba shi ruwan gishiri da sukari irin wanda aka haɗa don maruƙa, lita 2 sau biyu ko uku a rana tsakanin lokutan shan nono, kuma kada a yanke masa nonon, yunwa ba ta tsayar da zawo. Wanda ya daina tsotsa ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata.

Sai babban aikin, wanda zai ɗauke ka watanni. Babbar hanyar cutar ita ce daga kashi zuwa baki. Dabbar da ke zawo tana zubar da miliyoyin ƙwayoyi a cikin kashin da bai fi cikin cokali ba. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka a kowane lungu na gonar ita ce, ta yaya kashin babba zai kai bakin ƙarami a nan?

Fara da wurin haihuwa. A gonaki da yawa ɗaki guda ne ake kai saniya mai naƙuda, kuma shi ne ake kai marar lafiya ta yi jinya. Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya riƙe cutar a garke shekara da shekaru. Wurin haihuwa na haihuwa ne kawai. Saniya ɗaya a lokaci guda in da hali, a kwashe shimfiɗa bayan kowace haihuwa, a zuba busasshiya mai kauri. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in durƙusa a kan shimfiɗar, in na tashi gwiwar wandona ta jiƙe, to wurin bai dace da jariri ba. A wanke hantsar saniya da cinyoyinta kafin ta haihu, domin maraƙin da ke laluben nono yakan fara tsotsar duk abin da bakinsa ya tarar, gashi, wutsiya, ƙafa, kafin ya dace da kan nonon. A garken tatsa da aka tabbatar da Dublin, shawarata a ɗauke maraƙi daga wurin uwar da zarar an haife shi a kai shi tsaftataccen wuri. Na san masu kiwo da yawa ba sa son jin haka, ni ma ba daɗi yake mini ba, amma tun a sa'o'in farkon nan ake iya kamuwa. Masu shanun nama da ba sa raba uwa da ɗa suna da wata dabara da aka gwada a jihar Nebraska ta Amurka: kowane mako a kwashe shanun da ba su haihu ba a kai su sabon fili, a bar waɗanda suka haihu da 'ya'yansu a tsohon. Ta haka sabon jariri kullum a ƙasa mai tsabta yake faɗowa, ba ya haɗuwa da yayyensa masu zawo.

Dakashi shi ne rigakafin farko kuma mafi ƙarfi. Hanjin maraƙi yana shanye garkuwar da ke cikinsa sosai a sa'o'in farko, ƙofar tana ta rufewa, bayan awa 24 ta rufe. Ka'idar ita ce ya sha kimanin kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, wato lita 3 zuwa 4 ga maraƙi mai kilo 35 zuwa 40, cikin sa'o'i biyu zuwa huɗu na farko. Kada a ce ai an gan shi yana tsotsa, a auna a ba shi. Amma dakashin nan da ke ceto shi ne kuma ke iya kai cutar, in an tatso shi da hannu mai datti cikin bokiti mai datti, ko daga saniyar da ke ɗauke da ƙwayar. Kada a haɗa dakashin shanu da yawa a mazubi ɗaya, domin na saniya guda mai cutar zai gurɓata na kowa. Masu na'ura suna dumama shi a digiri 60 na tsawon minti 60, wanda ke kashe ƙwayar ba tare da lalata garkuwar ba. In zafin ya wuce haka sai ya daskare ya yi kauri, amfaninsa ya tafi. Haka nonon da ake ba maruƙa: na saniya marar lafiya ko wadda ke kan magani, wanda ake ganin asara ne a zubar, shi ne mafi haɗari. In dole ne a ba su nonon garke, a dafa shi. Kuma kada a bar shi a bokiti cikin ɗumi, domin a irin wannan yanayi ƙwayar tana ninka kanta cikin abin da bai fi rabin awa ba.

Na taɓa zuwa wata gona da maruƙa ke ta mutuwa, mai gonar ya kashe kuɗi sosai a kan magungunan feshi, har da kwarin tsoma takalmi a bakin ƙofa. Muna tsaye muna magana sai ga wani ma'aikaci ya gama kwashe kashi a ɗakin jinya, ya buga shebur ɗin a ƙasa sau biyu, ya wuce da shi kai tsaye ya fara ɗebo dusa yana zuba wa maruƙan da aka yaye. Baron ma guda ne. Kwarin tsoma takalmin kuwa na leƙa, ruwan ya koma kalar kunun kashi, an yi kwanaki ba a canza ba. Ban ga laifin yaron ba, shebur ɗaya aka ba shi. Abin da ya tsayar da mace-macen a gonar nan bai wuce shebur na biyu da baro na biyu da aka shafa wa jan fenti ba, da sauya tsarin aiki ya zama daga ƙanana zuwa manya, daga masu lafiya zuwa marasa lafiya.

Wannan ya kawo ni kan wanki. Maganin feshi ba ya aiki a kan kashi, ko wane iri ne, ko nawa aka saye shi. Sai an kankare, an wanke da sabulu, an bar wurin ya bushe, sannan a sa magani a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalba. Bushewa da hasken rana su kansu magani ne, kuma ɗakin maruƙa da aka bari fayau na mako guda ya fi wanda aka fesa wa magani da safe aka zuba sababbi da yamma. A guji wanke ɗaki da injin feshin ruwa mai ƙarfi alhali dabbobi na ciki ko kusa, yana tayar da ƙwayar ta bi iska ta sauka a kwamin abinci da hancin maruƙa da fuskar mai wankin. Maruƙa kuma a ajiye su ɗaiɗai ko ƙananan rukuni na sa'o'in juna, rukuni ya shiga tare ya fita tare. Wanda ya tsumbure kada a mayar da shi cikin ƙanana wai don ya samu abinci, sau da yawa shi ne ke ɗauke da cutar.

Ƙwayar tana da naci a waje. Takan yi makonni zuwa watanni a ruwan kashi da ƙasa mai laima, a busasshen kashin da ya manne a bango ko katako kuma tana iya wuce shekara. Taki a tara shi ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai gona, ruwan kashi a bar shi ya daɗe a ajiye, filin da aka zuba wa kuma kada a kai shanu kiwo kafin wata guda, ƙanana ma fiye da haka. Kwamin ruwa a ɗaga shi yadda kashi ba zai faɗa ba, a riƙa wanke shi, a kuma katange kududdufi da rafin da ya biyo ta wasu gonaki. Rumbun abinci a rufe shi daga ɓeraye da tsuntsaye, kaji da agwagi kuma ba su da aiki a kwamin shanu. Waɗannan su ne manyan hanyoyin Typhimurium da danginta.

Saye kuwa, garken da ba a shigo masa da dabba daga waje shi ya fi kowane tsira. In dole ne, a saya daga wuri ɗaya da aka san tarihinsa, a tambayi mai shi kai tsaye ko ya yi fama da mutuwar maruƙa ko ɓari, a killace baƙin mako huɗu da kayan aikinsu daban, masu ciki kuma su haihu a keɓe. Sai dai ka sani killacewa tana kama marar lafiya ne, ba ta kama dabbar da ke ɗauke da cutar a ɓoye. Gwajin kashi sau ɗaya ma ba ya wanke dabba, domin mai ɗauke da Dublin ba kullum take zubar da ita ba, yau akwai, gobe babu. Gwajin jini da ke neman garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar ya fi amfani, kuma ya fi faɗin gaskiya a kan garke fiye da dabba guda. Shi ya sa sanin matsayin garken da za ka saya daga ciki ya fi gwada wadda za ka saya. Denmak ta gina tsarinta a kan haka: tun 2002 ake gwada nonon tankin kowace gonar tatsa duk wata uku, a sa gonaki a matakai, matakin gona kuma ya shafi yadda za ta sayar da dabba. Sun rage cutar ƙwarai, amma fiye da shekara ashirin ke nan ba su gama da ita ba. Suwidin ta riga kowa tsanantawa, bayan annobar garin Alvesta a 1953 wadda ta taso daga mayanka, ta kwantar da mutane kusan 9,000 ta kashe 90. Dabara ɗaya da za ka ara daga Denmak ita ce gwada jinin maruƙa 'yan wata uku zuwa shida. In sun fito babu alamar sun haɗu da ƙwayar, gyaran da ka yi a wurin haihuwa da ɗakin maruƙa yana aiki. Ƙasa da wata uku garkuwar da suka sha a dakashi tana rikita sakamakon.

Allurar rigakafi akwai ta a wasu ƙasashe, kuma ina ba da shawararta a garken da cutar ta tabbata, musamman ga shanu masu ciki kafin haihuwa don garkuwar ta bi dakashi. Tana rage tsananin ciwo da ɓari da mace-mace. Ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, ba ta wanke mai ɗauke da cutar, rigakafin iri ɗaya ba lalle ya kare daga wani ba, kuma tana iya sa gwajin jini ya nuna akwai cuta alhali allurar ce. Don haka a yi gwaji kafin a fara. Ka kuma sa a duba tsutsar hanta, domin an daɗe da lura shanun da ke da ita sun fi riƙe Dublin, a duba kuma BVD, wata cutar bairas ta shanu mai karya garkuwar jiki.

Kada ka manta da mutanen gidanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa Salmonela cikin manyan abubuwa huɗu da ke jawo gudawa a duniya. A mutum takan fara awa 6 zuwa 72 bayan kamuwa, da zazzaɓi, ciwon ciki da gudawa, yawanci ta wuce cikin mako. Dublin ba ta cika kama mutane ba, amma in ta kama takan shiga jini, kuma ta fi sauran kai mutum asibiti da kisa. Tsakanin 2015 da 2017 an samu ɓarkewar irin Heidelberg a jihohi 15 na Amurka daga taɓa maruƙa marasa lafiya, kuma yara ƙanana na da yawa cikin waɗanda suka kamu. Saboda haka daga yau babu mai shan ɗanyen nono daga garken nan, sai an tafasa, ko an dumama shi a digiri 72 na daƙiƙa 15 ko 63 na minti 30. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi da masu raunin garkuwa kada su je wurin maruƙa. Kayan aiki da takalmi su tsaya a gona, a wanke hannu da sabulu kafin a ci ko a sha. In wani ya fara zazzaɓi da gudawa, a gaya wa likitan asibiti cewa akwai shanu marasa lafiya a gida.

Su kuma karsanan nan huɗu, kada ka yi saurin kai su kasuwa. In su ne suka kawo cutar, ka kai wa wani bala'in da aka kawo maka, in kuma ba su ba ne, ka yi asarar banza cutar tana nan. Ka ware su, a ɗauki jininsu yanzu tare da na shanu biyun da suka yi ɓari, a sake bayan wata uku zuwa huɗu. Wadda garkuwarta ta sauka, jikinta ya ture ƙwayar ke nan. Wadda ta tsaya a sama a gwaji biyu ko uku a jere ita ake zargi, kuma hanyarta ta mayanka ce, tare da sanar da likitan da ke duba nama a can. Kafin lokacin, kowace daga cikinsu ta haihu ita kaɗai, kuma kada dakashinta ya shiga bakin maraƙin wata.